Gyara Ɗari Huɗu a Kan Rijiya Ɗaya

Saƙon ya shigo ranar wata Talata, ina tsakiyar ɗaukar hoton fasfo na wata mata da ta rantse ba za ta saki fuska ba. Kamfanin da yake riƙe mana shafin tarihin unguwa kyauta ne ya rubuto, wai zai rufe. Ya ba mu kwana talatin mu kwashe abin da muke so, duk abin da ya rage bayan nan za a share shi. Sun rubuta da ladabi, har da godiya a ƙarshe, irin ladabin mai gidan haya da ya riga ya sayar da gidan. Na karanta sau biyu, na ja tsaki, matar ta ɗauka da ita nake, ta ƙara tamke fuska.

Sunana Wadia, ina da shagon buga takardu a Nima, taku kaɗan daga inda motocin haya na trotro suke lodi. Shafin da nake magana a kai wiki ne, wato irin shafin da wannan zai rubuta, wancan ya zo ya gyara, shi kuma yana adana kowane gyara da sunan wanda ya yi shi da ranar da aka yi. Ƙungiyar matasan unguwa ce ta kafa shi, don a rubuta tarihin gidaje da lunguna kafin tsofaffinmu su ƙare. Matasan sun yi zafi na wata biyu, sun ɗinka riguna iri ɗaya, sun ɗauki hotuna da yawa, sannan kowa ya kama gabansa. Aikin ya dawo kaina, ba don na fi kowa kishin tarihi ba, sai don ni ce mai kwamfuta da fanka da benci.

Tsofaffi ba su iya bugawa ba, don haka sai su zo su zauna a bencin, su faɗa, ni in rubuta. Kowane ɗaya na buɗe masa sunansa a shafin, saboda kada gobe a ce Wadia ce ta ƙirƙira. Yawancinsu sau ɗaya ko sau biyu suka zo, suka faɗi yadda kakansu ya sauka da inda ya fara kafa ɗaki, suka sa mini albarka suka tafi. Mutum biyu ne suka ƙi tafiya.

Baba Ɗanbala Bagobiri ne, tsohon tela, dogo, da zanen Gobirawa cike da kumatu. Baba Abdulƙarim, wanda kowa ke kira Baba Karimu, Bazabarme ne, gajere, ya yi shekara arba'in yana sayar da albasa kafin gwiwa ta zaunar da shi. Tun suna yara aka kawo su daga Nijar, suka tashi a lungu ɗaya, ƙofa tana kallon ƙofa. A tsakanin ƙofofin nan akwai wata tsohuwar rijiya da aka rufe da siminti tun kafin a haife ni, yanzu ma wata Nafi ce take sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a kanta. A kan wannan rijiyar da ko kaza ba ta shan ruwanta suka shafe shekara uku suna wahalar mini da yatsu. Baba Ɗanbala ya ce ubansa ne ya haƙa ta, Baba Karimu ya ce nasa uban ne.

A ƙasan kowane gyara akwai wani ɗan fili da ake rubuta dalilin gyaran. Mutanen kirki sukan sa a rubuta "an ƙara shekara" ko "an gyara suna". Su kuwa nan ne fagensu.

"Rubuta, ɗiyata," in ji Baba Ɗanbala, yana nuna fuskar kwamfuta da sanda. "An cire ƙaryar Bazabarme. Bazabarme bai taɓa tonon ƙasa ba sai in kwabonsa ya faɗa ciki."

Washegari sai ga Baba Karimu. "Mi ya ce? Karanta." In karanta, ya gyaɗa kai kamar wanda aka kawo wa albishir. "To, mai da nawa. Ki rubuta: Bagobiri in ya ga rami faɗawa yake ya ɓuya, in an gama faɗa ya fito ya ce daga yaƙi yake."

Wani lokacin ma tare suke zuwa, su raba goro ɗaya, wannan yana shifta mini zagi, wancan yana tauna yana jiran layinsa. Da na gaji na kai ƙara wurin mamata, ta yi dariya ta ce taubasai ne, Gobirawa da Zabarmawa haka suke tun a can gida, kamar mu Dagomba da Mosawa. Wannan na sani, ni ma ba na barin mai gyara mini inji ya sha ruwa cikin kwanciyar hankali, don Bamoshe ne. Amma a ganina kowane wasa yana da inda yake tsayawa, kuma ba ya bin mutum har makara.

Kwana tara bayan saƙon kamfanin, Baba Ɗanbala ya rasu. Zazzaɓin kwana biyu ne kawai. Ina cikin gidan tare da mata lokacin da maza suka ɗauko shi za su fita, sai ga Baba Karimu ya gitta sandarsa a bakin ƙofa.

"Ina za ka, matsoraci?" ya ce da gawar, da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Ka ga ka faɗi shi ne za ka gudu? Ba a wucewa nan sai an fanshe ka."

Na duba in ga wanda zai janye tsohon nan, sai na ga dattawan Nijar suna murmushi suna share hawaye. Hajiya Safara'u, matar mamacin, ta aiko da goro daga ɗaki, aka danƙa masa, ya janye sanda, aka wuce. Ni dai ban ga abin murmushi ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma abin da ya ƙara ɓata shi, na san gyaran ƙarshe a shafin rijiya na Baba Karimu ne, ya yi shi kwana huɗu kafin rasuwar. Wato ya ci gardamar, kuma mutuwa ce ta miƙa masa.

Bayan addu'ar bakwai Faisal ya zo shago. Shi ne sakataren ƙungiya, mutum mai son komai a tsare, ko hularsa ba ta karkacewa.

"Sista Wadia, abin nan da za ka kwashe," ya ce, da Hausarmu ta nan da ba ta damu da raba mace da namiji ba. "Kar ka kwashe zagi a ciki. Mutum ya mutu, jikokinsa za su zo su karanta an kira kakansu matsoraci sau ɗari biyu. Ba kyau kraa, ko kaɗan."

"Yoo," na ce. "Ni ma haka na gani."

Kwashewar ba wani aiki ba ne mai wuya. Akwai wuri na musamman da ake jera sunayen shafukan da ake so, a danna, sai a haɗa su duka a fayil ɗaya da ake kira XML. In ka buɗe shi rubutu ne zalla, amma kowane abu an ɗaure shi tsakanin 'yan alamomi masu tsinin baki, an sa masa suna: wannan take ne, wannan sunan mai magana, wannan rana, wannan kuma maganar kanta. Ba shi da kyan gani, sai dai duk wikin da ka ba shi zai haɗiye, ya mayar maka da komai yadda yake. A ƙasa akwai wani ɗan akwati da aka rubuta a gefensa cewa rubutun ƙarshe kaɗai, ban da gyare-gyaren baya. Na sa masa alama da zuciya ɗaya. Shafi ɗari biyu da sha uku suka sauko cikin minti huɗu. Na zuba a filashi biyu, na ba Faisal ɗaya, na kulle ɗaya a durowa, na kuma aika wa kaina ta imel. Ranar har alfahari na yi, ina jin na rufa wa mamaci asiri.

Baba Karimu bai sake leƙo shagon ba. Ban neme shi ba, don har lokacin haushinsa nake ji. Sai ranar Alhamis, ranar ƙarshe ta wa'adin kamfanin, wajen sha ɗaya da rabi, na ɗaga kai na gan shi a ƙofa. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Ya zauna a gefen bencin da ya saba, ya bar ɗaya gefen, alhali babu kowa a shagon.

"An ce kin kwashe."

"Na kwashe, Baba. Komai yana nan lafiya."

"Karanta mini rijiya."

Na buɗe fayil ɗin, na tsallake alamomin, na karanta masa cewa mahaifinsa ne ya haƙa rijiyar da hannunsa, Gobirawa suna tsaye suna kallo. Na karanta da murya a bushe, don ya san ban manta ba.

"Ci gaba."

"Ya ƙare, Baba."

"A'a. Na watan azumin bara, inda ya ce ubana guga kawai ya riƙe, shi ma na aro. Wannan nake so."

"Ba ya ciki."

"To na ranar da ya ce warin albasata ne ya sa aka rufe rijiyar?"

"Baba, naka na ƙarshe kawai na ɗauka. Sauran zagi ne, mun bar shi. Ba kai ka ci ba? Shafi ya ce ubanka ne, kuma ba wanda zai sake taɓawa."

Ya dube ni tsawon lokaci.

"Allah ya ɗauki mutum," ya ce a hankali, "ke kuma kin bi bayansa kin ɗauke bakinsa."

Nan fa na kasa riƙe nawa bakin. "Ei, Baba! Ni? Kai fa ka tare gawarsa a ƙofa, kana kiransa matsoraci gaban 'ya'yansa!"

"Da ban tare ba, da Safara'u ba ta ƙara gaishe ni ba har in mutu. Da ta ce ashe ban ɗauke shi ɗan'uwa ba." Ya buga sandarsa a ƙasa. "Ke yarinya ce. Duk Nima wa ya isa ya zagi Ɗanbala ya kwana lafiya? Ni kaɗai. Wa ya isa ya zage ni? Shi kaɗai. Yau kwana ashirin da ɗaya ba wanda ya ce mini ko da gajere. Sannu Baba, ya jiki Baba, a kawo wa Baba kujera. Kamar ni ma jira ake. Na zo ne in ji an zage ni, ɗiyata, ko sau ɗaya."

Kunya ta kama ni, irin wadda take sa mutum ya rasa inda zai ajiye idonsa. Na ce kada ya damu, tsohon shafin yana nan har sha biyun dare, zan sake kwashewa da duk gyare-gyarensa. Na buɗe saƙon kamfanin don in nuna masa, sai idona ya sauka kan wani ɗan layi da na yi ta tsallakewa: sha biyun dare agogon ƙasarsu. Na lissafa da yatsu. Suna gabanmu da awa takwas, wato sha biyun darensu ƙarfe huɗu ne na yammarmu.

Na cire alamar daga akwatin, na danna. Kwamfuta ta yi ta juyi, ta yi ta juyi, sannan ta ce abin ya yi mata nauyi. Na sake, ta sake. Sai na gane duk nauyin daga shafi ɗaya yake, don sauran shafukan gyara biyu ne ko uku, rijiya kuwa ɗari huɗu da bakwai. Na ware ta gefe, na fara da sauran, suka sauko lafiya. Ina ɗora hannu kan rijiya fanka ta tsaya cak. An ɗauke wuta.

Ina da ƙaramar kwamfuta ta hannu, amma batirinta ba ya kai minti goma ba tare da wayar caji ba. Na leƙa waje, duk layinmu shiru, har mai aski ya fito da kwastomansa rabin kai. Na kira Faisal, ya ce yana can unguwar Madina, hanya ta cushe, in yi haƙuri. Haƙuri dai bai taɓa cajin batir ba. Na kira Nafi mai waakye, don ita ce take sanin komai na lungunsu kafin ya gama faruwa. Ta ce gefen gidan marigayi akwai wuta, gefen su Baba Karimu babu.

Na faɗa masa. Ya shiga murza kan sandarsa. Ashe tun ranar da ya janye ta daga ƙofar nan bai sake taka ƙofar gidan ba. Nafi ce ta gaya mini daga baya, wai ta ƙofar baya yake zagayawa in zai je masallaci, ya bi ta gefen kwata, duk don kada ya ga ƙofar.

"Har lantarki ma sai da Bagobiri ya ja gefensa," ya ce, ya miƙe.

Na kulle shago, na rungumi kwamfuta, muka kutsa lungu. Tafiyar minti biyar ce ga mai lafiya, amma da gwiwar Baba Karimu da masu tare shi suna ya jiki Baba, sai da muka ci kusan ashirin. Duk wanda ya gaishe shi da tausayi sai ya waigo ya dube ni, wato kin gani ko. Da muka isa ƙofar ya tsaya, ya gyara hula, ya yi sallama da murya ƙasa-ƙasa kamar baƙo.

Hajiya Safara'u tana takaba, ba ta fita, ba ta zama cikin maza. Ta bayan labule suka gaisa, gaisuwa doguwa, kowa yana cewa sai haƙuri. Aka miƙo mini wayar lantarki ta tagar ɗakinta, na zauna a tsakar gida kan kujera 'yar tsugune, kwamfuta a cinya, intanet daga wayata. Baba Karimu ya zauna kan tabarma nesa kaɗan. A nan ya yi azahar ɗinsa, ya ce in ya tafi masallaci zan sake yin wata dabarar.

Shafin ya ƙi saukowa gaba ɗaya, don haka na riƙa yanko shi ɗari-ɗari, daga mafi tsufa. Ɗarin farko ya katse sau biyu, sai a na uku ya iso. Na buɗe don in tabbatar ba fanko ba ne, sai ga sunan Ɗanbala a tsakanin alamomin, ga rana, ga dalilin gyara.

"Karanta," in ji Baba Karimu.

"An cire ƙaryar mai albasa," na karanta. "Ubansa ko ramin ɓera bai iya toshewa ba."

"Ƙarya yake!" Ya gyara zama, fuskarsa ta washe. "Telan da ya ɗinka mini wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya, na je sallar idi ina tafiya a karkace, shi ne zai yi maganar aiki? Na gaba."

Bayan labule muka ji wani sauti. Na ɗauka kuka ne, har na yi niyyar rufe kwamfutar, ashe dariya ce Hajiya take ƙoƙarin dannewa. Ta ce wandon nan ta tuna shi, kuma da gangan aka yi.

Haka muka yi ta yi. In yanko ɗari, mu jira, in karanta, Baba Karimu ya mayar da martani ɗaya bayan ɗaya, yana kallon gefen tabarmar da babu kowa. Wasu ma ni da na buga su da hannuna na manta da su. Akwai inda suka yi sati guda suna gardama kan zurfin rijiyar, har Baba Ɗanbala ya sa na rubuta cewa gaba ashirin ce in Bagobiri ya auna, gaba sittin in an auna da gajere. Nafi ta aiko mana da waakye a ganye, Baba Karimu ya cinye nasa tas, ya ɗebi rabin nawa ba tare da tambaya ba.

Muna jiran ɗari na uku, sai na ce, "Amma Baba, tsakani da Allah, wa ya haƙa rijiyar nan?"

"Ubana."

"Abdulai ne," in ji murya daga bayan labule. "Wani Bamoshe, lebura. Surukata ta faɗa mini tun ina amarya. Iyayensu maza biyu suka ɗauko shi, suka zauna a inuwa suna gardamar inda ruwa yake, shi yana ta haƙa. Su biyun nan kuwa su ne masu kai masa koko."

Na juya na kalli Baba Karimu. Ya ɗaga kai sama, ya tsura wa igiyar shanya ido kamar bai taɓa ganin irinta ba.

"Baba! Shekara uku! Ka sani, shi ma ya sani, kuka zaunar da ni ina buga ƙarya sau ɗari huɗu da bakwai? Mutane suna tsaye da takardunsu suna jira!"

"Ba a tambayi mai takaba ba," ya ce. "Kuma ke 'yar Dagomba, so kike a rubuta Bamoshe ne ya shayar da Nima? Duba injinki, ya tsaya."

Ya tsaya kuwa. Ƙarfe uku da kwata, saura ɗari da bakwai, intanet ta ɗauke ɗif. Na zagaya tsakar gidan da waya a sama, ba ko layi ɗaya. Na fita ƙofa, sai a kan simintin rijiyar ta dawo, don haka na ɗora wayar kan teburin Nafi tsakanin tukunya da kwanon taliya, na roƙe ta kada kowa ya taɓa. Na koma da gudu na sake dannawa. Aka kira la'asar, Baba Karimu da bai taɓa barin jam'i ya wuce shi ba bai ko motsa ba. Ɗari na huɗu ya iso huɗu saura ashirin. Bakwai ɗin ƙarshe, da ya kamata su zo a ƙiftawar ido, su ne suka fi ja mini rai. Ina ta salati, har suka sauko saura minti tara.

Na ƙirga, na sake ƙirgawa. Ɗari huɗu da bakwai, babu wanda ya ɓace.

"Nasa na ƙarshe," in ji Baba Karimu.

Na nemo shi, na ɗari huɗu da shida. Na tuna ranar, ya shigo a gurguje zai je ɗaurin aure, ko zama bai yi ba. Na karanta: "An mai da gaskiya. A gaya wa gajere ina nan ina jiransa."

Wannan bai mayar masa da martani ba. Ya cire hularsa ya shafa fuska da ita, ya daɗe yana shafawa. Ni kuwa na yi kuka, ban ɓoye ba, na kuma ji tsoron abin da na kusa yi da ɗan akwati ɗaya.

Ƙarfe huɗu da minti ɗaya na sake buɗe tsohon shafin, sai farar fuska da godiyar kamfani. Hotuna ne kaɗai muka rasa, don XML rubutu yake ɗauka, ba ya ɗaukar hoto, ni kuma ban tuna ba. Duk hotunan riguna iri ɗaya sun tafi. Faisal ne kawai ya yi jimaminsu.

Bayan sati biyu muka samu sabon wuri, na ba shi fayilolin, ya haɗiye, komai ya dawo da sunaye da ranaku. Faisal ya sake tada maganar zagi, sai Hajiya ta aiko masa da saƙo cewa duk wanda ya cire wa mijinta kalma ɗaya ya jira ta ta fita takaba. Ni kuma na buɗe wa Abdulai shafinsa daban, da sunana, na rubuta abin da Hajiya ta faɗa. Mamata ta ce na kunyata Dagomba kaf.

Ranar da aka buɗe sabon shafin Baba Karimu ya zo da hantsi. Na karanta masa rijiya yadda ya bar ta, da sunan mahaifinsa a sama.

"Mai da nasa sama," ya ce.

"Ka yarda ke nan, Baba?"

"Wa ya yarda? Ƙarya ce tsagwaronta. Ki sa ta a sama in samu abin gyarawa. Gobe zan zo in rushe ta."

Na mayar da rubutun Baba Ɗanbala, na tsaya a filin dalili. "Me zan rubuta a nan?"

Ya yi tunani. "Rubuta: an ara masa kwana ɗaya."

Yau wata biyar ke nan. Kusan kullum yana zuwa, ya zauna a gefensa na bencin, ya sa in karanta masa, ya ce ƙarya ce, ya jero abin da zai mayar, har in ɗora yatsu in shirya. Sai ya ce yau gwiwa ta matsa masa, in bari sai gobe. Har yanzu shafin yana cewa Bagobiri ne ya haƙa rijiyar.